Wai da gaske maginan yau ba su kai kakanninsu iya hawa gini ba? Duba daga Batsari da Safana

In ka taɓa tsayawa gefen ginin da ake yi a cikin garin Batsari, ko a bakin hanyar Dutsin-Ma zuwa Safana, to ka san abin da zan kwatanta maka. Bulo ya kai linta, hannun birkila ya daina kaiwa. Sai a jawo durom biyu a gindaya katako a kai. In kuwa bene ne, sai a kakkafa sandunan turare ko na bedi, a buga musu ƙusa, a shimfiɗa falanki, a jibga bulo da kwaɓaɓɓen siminti, sannan mutum ya hau. Wannan abin takawa shi ake kira sikafol a wajen aiki. Yana rawa, kowa yana gani, amma aiki ake yi. A gefe guda kuma ba a rasa dattijon da zai girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su iya aiki ba, su a zamaninsu magini kan kai bango can sama ba tare da duk wannan tarkacen ba.

Shin dattijon nan gaskiya ya faɗa, ko kewar ƙuruciya ce kawai? Tambayar ba ta hira kaɗai ba ce, domin wanda ke kan falankin nan ɗan wani ne, wataƙila ma ƙanenka. Bari mu bi tarihin abin, sannan mu ɗan taɓa lissafi.

Lokacin da bango shi ne abin takawa

Abu na farko da zai ba ka mamaki: kakannin maginan wannan yanki ba su da wata sana'a ta kafa sikafol, don ba su buƙace ta ba. Ginin ƙasa na Hausa da tubali ake yin sa, wato curin ƙasa da aka mulmula da hannu, ƙasansa da faɗi, samansa da tsini, aka shanya a rana. Bangon soro yakan fara da kauri daga tushe, rabin mita ko fiye, na bene ma ya haura haka, yana hawa yana sirancewa. Magini yakan hau bisa bangon ya zauna kamar mai hawan doki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Yaransa na ƙasa suna jefo masa tubali da curin kwaɓi, yana cafewa yana jerawa yana ja da baya. In an yi 'yan layuka sai a dakata ƙasa ta sha iska ta yi ƙarfi, sannan a ɗora. Hawa da sauka kuwa, tsani ko kwaranga sun wadatar.

Ka ga ke nan bangon da kansa ne ke ɗauke da mai gina shi. Ba sai an kafa wani abu daban a gefe ba.

A ƙauyuka ma lamarin ya fi haka sauƙi. Ɗakin da ake rufewa da ciyawa, a ƙasa ake haɗa jinkarsa, a ɗaure tsaf, a baibaye ta, sannan a kira maƙwabta su ɗaga a aza bisa bango. Daga nan ne Bahaushe ya samo cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin rufi, wanda a yau shi ne ya fi kai mutum sama, a wancan tsari a tsaye a ƙasa ake gama mafi yawansa.

Kada ka ɗauka wai don ƙananan gine-gine suke yi ne. A ƙarni na 19, bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsofaffin sarakunan Haɓe suka kafa Maraɗi, yammacin Katsina ya zama bakin daga. Garuruwa irin su Ruma sun rayu cikin shirin hari a kullum, kuma ganuwa ita ce kariyar gari a wancan zamani. Ganuwa kuwa tudu ce mai faɗin gindi wadda ake yi da gayya, masu aiki na tafiya a kanta suna ƙara mata tsayi.

Baka ba tare da tokari ba

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne rufin soro. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta iya tsallake fili mai faɗi ita kaɗai. In ta wuce kusan mita 2 ba tallafi, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. To yaya aka yi zaurukan sarakuna masu faɗi? Sai magina suka fito da bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango ta leƙo ciki, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, daga wancan bangon ma haka, gaɓa bayan gaɓa, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Maginan dutse na Turai sai sun fara kafa ƙwarangwal na katako a ƙarƙashin baka kafin su jera duwatsu, in ya kama a cire. Bakan Hausa shi yake riƙe kansa tun yana rabi.

Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. A arewa da mu kuma, hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, tana da itatuwan da suka leƙo daga jikinta ko'ina. Ba ado kawai ba ne. Su ne matakan da masu yaɓe ke takawa in za a gyara ta, kamar yadda ake yi a babban masallacin Djenne na ƙasar Mali duk shekara. Wato abin takawar yana cikin ginin tun ranar da aka tsara shi.

Wa ke koyarwa, wa ke tsawatarwa?

Gini a ƙasar Hausa gado ne. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya koma yin tubali, ya koyi jifa, sai an ga hankalinsa sannan a bar shi ya hau bango. Yana koyon wace ƙasa ce ke tsagewa, yaya ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa don yaɓen da ruwa ba ya ci, yaya ake haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara. A manyan birane akwai Sarkin Magina, wanda ke raba aikin fada da na ganuwa, kuma in gini ya ba da matsala an san ƙofar da za a buga. A ƙauye kuwa maginin manomi ne da damina, magini da rani, kuma gidan da ya gina na surukinsa ne ko na maƙwabcinsa. In bango ya zube, kunyar har jikokinsa.

Akwai kuma wata makaranta da ba a cika lura da ita ba: yaɓen shekara. Gidan ƙasa sai an bi shi kafin saukar ruwa, a toshe tsaga, a gyara indararo, a ƙara ƙasa a rufi. Kowane yaro a gidan yana sa hannu. Ko wanda ba zai zama magini ba ya san yadda ake taka soro.

Da siminti ya shigo

Turawa sun shigo Katsina a 1903, amma siminti bai kori ƙasa nan take ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello, da ƙasa aka gina ta, kuma ginin na nan har yau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Zariya zuwa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kwanon rufi da siminti suka fara samun hanya. Duk da haka, na masu hali ne da gwamnati.

Juyin gaske ya zo ne daga baya. Kamfanin siminti na Sakkwato da ke Kalambaina ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979. A tsakani kuɗin man fetur suka shigo, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka shiga gina azuzuwa na bulo da kwano har ƙauyukan da ba su taɓa ganin birkila ba. Aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sakatariyoyi da asibitoci da gidajen ma'aikata suka biyo baya. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, gine-ginen bene da gidajen haya suka ƙaru a yankin.

To ga inda gizo ke saƙar. Bulo faɗinsa inci 6 ne ko inci 9. Ba ya zaunuwa, kuma ko da za ka iya zama, simintin da ke tsakanin layukan bai kama ba, nauyinka zai goce da su. A karon farko a tarihin ginin wannan yanki, sai magini ya tsaya a wajen bango, a kan wani abu daban, kafin ya yi aiki. Ga filasta, ga fenti, ga zuba dakin, ga buga kwano, duk a sama. Sikafol ya zama dole a dare ɗaya, alhali babu kakan da ya bar wa kowa iliminsa.

Lissafin da ke ƙarƙashin ƙafar birkila

Me ya sa wannan ilimi ba a iya kintatarsa da ido? Saboda katako da sanda ba sa bin lissafin da hankali ya saba da shi.

Fara da nauyi. Bulo mai inci 9 ya haura kilo 20. A ce an ɗora guda 10, ga birkila da yaronsa, ga kwanon kwaɓi. An doshi kilo 350 ke nan, nauyin buhun siminti 7, a kan falanki ɗaya ko biyu.

Sai tazara. In nauyi na tsakiyar falanki, ka ninka nisan da ke tsakanin sandunan da suka tallafe shi sau biyu, wahalar da katakon ke sha ta ninka sau biyu, amma lotsawar da zai yi ta ninka sau 8. Wanda ya cire sanda ɗaya daga tsakiya don ya rage kuɗi, gani yake abu kaɗan ya rage.

Sai kauri. In ka rage kaurin falanki da rabi, ƙarfinsa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. A Ingila katakon sikafol kaurinsa milimita 38 ne, kuma ana tallafe shi duk bayan mita 1.2 zuwa 1.5. Falankin inci 1 da muke saya a 'yan katako milimita 25 ne, in ma ya cika. In faɗinsu da irin itacensu ɗaya ne, namu bai kai rabin ƙarfin wancan ba.

Sai sandunan tsaye. Tun 1744 masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna cewa doguwar sanda siririya ba murƙushewa take yi ba, lanƙwashewa take yi gefe farat ɗaya. In tsawon da ba a ɗaure ba ya ninka biyu, nauyin da za ta iya ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa sandar da ta yi aiki lafiya a ginin ƙasa take cin amana a bene. Maganin shi ne a ɗaure ta a tsakiya, a gicciya wasu sanduna a karkace, sannan a kama sikafol ɗin da jikin bango. Siffa mai kusurwa huɗu tana iya karkacewa ko da ƙusoshinta na nan, mai kusurwa uku ba ta yi.

In kuma abin ya faru fa? Wanda ya faɗo daga mita 3, tsayin bango ɗaya ke nan, yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun kusan kilomita 28 a awa. Daga mita 6, kusan kilomita 39 a awa. Kwatanta da faɗowa daga kan babur mai gudu, ba hular kwano, a kan tarin bulo da tsinin rodi.

Duk wannan ba ya buƙatar digiri. Amma sai an koya wa mutum, don falanki ba ya gargaɗi sau biyu.

To me ya ragu, me bai ragu ba?

Dattijonmu yana da gaskiya a wuri ɗaya. Masu iya ɗaura bakan gizo da haɗa laso sun yi ƙaranci ƙwarai, domin masu neman irin aikin sun ragu, giginyar da ta tsufa har ta ba da azara mai kyau kuma shekaru masu yawa take ɗauka. Wannan asara ce ta gaske. Ba wai hannun mutanen ƙarni na 20 ne ya mutu ba: Falke Barmou, manomi kuma magini a garin Yama na jihar Tawa a Nijar, ya fara masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. Inda aka nemi gwaninta aka girmama ta, tana fitowa.

Amma akwai inda ƙwaƙwalwa ke yaudarar mu. Gine-ginen da muke nunawa mu ce dubi aikin mutanen da, su ne waɗanda suka tsira. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina ne don an sha gyara ta. Dubban sorayen da aka yi da ha'inci ko rashin iyawa, damina ta narkar da su tuntuni, sun koma gona. Muna gwada zaɓaɓɓun jiya da gama-garin yau, dole jiya ta yi nasara. Sannan birkilan yau ya san abubuwan da kakansa bai taɓa gani ba: ɗaurin rodi, awon kwaɓin kankare, karanta zanen gini, jera tayil.

Abin da ya lalace da gaske shi ne sarƙar koyo da ta tsawatarwa, kuma sikafol ne ya fi shan wahalar haka, don shi maraya ne. Birkila na ganin aikin kafinta ne, kafinta na ganin abin wucin gadi ne da za a ɓaɓɓalle jibi, mai gida kuma na ganin kuɗin da aka kashe a kansa asara ce tunda ba ya cikin ginin. Inda ake biyan birkila da yawan bulon da ya jera, awa biyun da zai ɓata yana gicciya sanduna daga aljihunsa suka fita. Ƙarshenta lebura mafi ƙarancin shekaru ake cewa ya haɗa.

A Batsari da Safana rashin tsaro ya ƙara tsinka sarƙar. Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin biyu, ya shafe shekaru yana zaman maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, a Satumba kuma aka katse layukan waya a yankin. Ƙauyen da aka watse ba a yi masa yaɓen shekara, makarantar nan ta gida ta rufe ke nan. Matasan da suka yi gudun hijira zuwa cikin Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, da yawansu aikin lebura ne ya karɓe su. Sun bar gonar da suka sani, suka hau falankin da ba wanda ya yi musu bayaninsa.

Yadda wasu suka ba marayan uba

Ba mu kaɗai muka fuskanci wannan ba. A Ingila ma da sanduna da igiya ake yi, har zuwa farkon ƙarni na 20 da Daniel Palmer Jones ya ƙirƙiro maɗaurin ƙarfe, bututun ƙarfe suka maye gurbin itace. Amma ƙarfen kaɗai bai wadatar ba. A 1937 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 62, wadda ta tanadi cewa kada a kafa sikafol, ko a sauya shi, ko a kwance shi, sai ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin kuma zai ɗauki alhaki. A Ingila yau kafa sikafol sana'a ce mai katin shaida, kuma doka ta ce a duba shi kafin a fara hawa, a sake dubawa duk kwana 7.

A Hong Kong kuwa, da gora ake kewaye dogayen benaye, masu ɗaurin kuma sai sun yi horo sun yi rajista. A watan Maris na 2025 gwamnatin can ta ce aƙalla rabin sababbin kwangilolin gine-ginenta su koma ƙarfe. Duk da haka darasin na nan: abin da ya kai gora hawa na talatin shi ne an san wanda ya ɗaura, an san wanda ya koya masa.

Mu ma a takarda ba mu rasa ba. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata na ITF tun 1971, akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Sai dai mafi yawan ginin da ake yi a garuruwanmu tsakanin mai gida ne da birkilansa, da baki aka yi ciniki, babu jami'in da zai leƙo.

Abin da ke hannunka

Tunda haka ne, Sarkin Maginan wannan zamani, a ginin gidanka, kai ne. In za ka yi gini, ware kuɗin sikafol daban tun wajen ciniki, ka kuma biya lokacin kafa shi, don kada ya fito daga ladar birkila. Ka tambaya ƙarara wane ne zai kafa, kuma wane ne zai duba kowace safiya, musamman bayan ruwan sama, lokacin da ƙasa ke laushi gindin sanda ya nutse. Ka duba da idonka: akwai sandunan da aka gicciya a karkace? An kama shi da bango? Falankin na da kauri, ba tsaga, an ɗaure bakinsa don kada ya ɗage? Akwai sandar da za ta tare mutum ta baya? An jibge bulo a wuri ɗaya ne ko an rarraba kusa da sandunan tsaye? In bene ne, hayar na ƙarfe ta fi arha a kan kuɗin ɗori da jinyar ƙashin baya.

In kuma kai ne birkilan, yaron da ke miƙo maka bulo yana kallon yadda kake yi. Abin da ka nuna masa a kan falankin nan, shi zai nuna wa na bayansa. Dattijon nan da ke girgiza kai ma kada a bar shi a gefe. Bai san bututun ƙarfe ba, amma ya san ɗaurin igiya da ba ya kwancewa, ya san itacen da gara ta ci ta ciki tun kafin a taka shi. A kira shi ya duba, a ba shi goronsa.

Allah Ya tsare masu neman halak ɗinsu a sama da ƙasa.